Tartsatsi a Gonar Baba Sanusi

Kujera ɗaya ce mai hannu a rumfar Nagode mai tura waƙoƙi, a bakin kasuwar Mafara, kuma shekara uku cur babu wanda ya isa ya zauna a kanta sai Surajo. Mu sauran benci ne namu, mai ƙusa a tsakiya. Ba girmanmu Surajo ya yi ba, ba kuma abin hannu ya fi mu ba, mutumin da caja da robar waya yake tallatawa a faranti. Dalili ɗaya ne. Shi kaɗai a cikinmu ya taɓa ganin Tartsatsi suna kiɗa ido da ido. Haka dai ya ce.

Tartsatsi wasu samari ne huɗu daga Maraɗi, masu kiɗan jita mai lantarki da ganguna, irin wanda ake kira rok. Waƙoƙinsu sun cika wayoyinmu, amma fuskarsu babu wanda ya sani, don a hotonsu duk sun naɗe kai da rawani sun toshe ido da baƙin gilashi. Bidiyon wasansu da ake ɗauka da waya kuwa, ba abin da za ka ji sai ƙara da ihun mai ɗauka. To a nan gardama ta samu wurin zama. Duk ranar Talata, in na sauke albasata daga Maradun, Manu mai gyaran injin ban-ruwa ya iso daga Bakura, sai a ɗora daga inda aka tsaya.

"Yaran ga ba su iya komi ba," in ji Manu. "Komfuta ka yi musu kiɗi cikin situdiyo. In sun hau dandamali, waƙa sukan saka su yi ta motsa yatsu."

Surajo zai gyara zama cikin kujera, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Manu, kai ka gani? Ni sau ukku nig gan su. Na Maraɗi, Jibrin da kainai, babbansu, yaj jawo ni bisa dandamali yac ce ma jama'a, ga ɗan'uwana na Mafara. Na waya da kuka ji, ko rabin na ido bai kai ba."

"Kai ka gani?" ɗin nan ita ce gudumar Surajo. Da ita yake rufe bakin kowa. Har ya sa Nagode ya ɗauki muryarsa ya cusa a tsakiyar kowace waƙa da ke wayarsa, yadda masu tura waƙa suke manna tallar shagonsu, wai don kada a sace masa. Ana cikin daɗin jita sai ka ji muryar Surajo ta faɗo: "Wagga waƙa daga wayar Surajo take, wanda yag ga Tartsatsi ido da ido." Mun haddace ta kamar karatun yara.

Ni kuwa na san abin da na sani. Ni da Surajo surukinmu ɗaya, Baba Sanusi. Matata Hindatu yayar matarsa Taibatu ce, kuma abin da ya shiga kunnen ƙanwa ba ya kwana bai isa na yayarta ba. Makon da Surajo ya ce yana Maraɗi, yana garin Kaya kwance a ɗakin ƙanwarsa, haƙori ya kumbura masa kunci. Na yi shiru ne saboda zumunci, kuma wallahi na yi nadamar shirun nan.

Wata Talata Manu ya zo da labari. Tartsatsi za su yi wasa a Sakkwato, daga nan su wuce Kano, kuma hanyarsu ta Mafara ce.

"Tunda Jibrin ɗan'uwanka na," in ji Manu, "tsai da su su yi muna waƙa ko biyu. In sun kaɗa da hannunsu, ni bar gardama har abada. In sun kasa, ka tashi daga kujerag ga."

Mai hankali da sai ya ce hanya ba tabbas, ko ya ce lambar Jibrin ta ɓata. Surajo ya buga hannun kujera.

"Waƙa biyu? Raini na. Wasa sukutum za a yi, wanda ba a taɓa yi ba tun daga Bakura har Maradun."

Abin haushi, ya dace. Ya samu lamba a shafinsu, ya yi ta aika saƙon murya har suka gaji suka amsa. Suka ce a tanadi abinci da man mota da wuri mai kyau, za su tsaya ranar Talata bayan Azahar. Daga ranar Surajo ya daina amsa sallama da baki, sai da ɗaga yatsa. Ya buga takardar sanarwa, hotonsa ya cinye kashi uku cikin huɗu, Tartsatsi suna can ƙasa kamar ƙudaje huɗu.

Wuri ne ya fara ba shi wuya. Mai unguwa ya ce ba a cikin gari ba, akwai tsofaffi da marasa lafiya, kuma a watse kafin rana ta yi sanyi kowa ya kama hanyar garinsu. Filin ƙwallo 'yan ƙwallo suka hana. Sai idon Surajo ya faɗa kan gonar Baba Sanusi da ke bakin kanal ɗin Bakolori. Tarakta ta gama baje ta, ta kwanta sumul tana jiran dashen shinkafa, ga tudun ƙasa ya kewaye ta ta ko'ina. Baba kuma ya tafi Dakko gaisuwar rasuwa.

Taibatu ta ajiye wa Surajo tuwo ta tsaya a kansa.

"Baban Nusaiba, ka tambayi Baba?"

"Gonar surukina gonata ta."

"To ka tambayi ranar da aka sakin ruwan kanal? Tun da anka shiga dashe na ji an sake juya ranakku."

"Layinsu Baba ranar Alhamis na, tun kina goye. Ni za ki koya ma Bakolori?"

Mutumin da bai taɓa dasa ko tattasai a tukunya ba ke nan. Taibatu ta ɗauke kwanon wanke hannu ta yi ciki.

Dandamali da kansa ya zana shi. Durom shida na gas ya aro, ya tsayar a tsakiyar gona, ya shimfiɗa katakai a kai. Katako bai isa ba, ya cire ƙyauren ɗakinsa ya ƙara. Bai isa ba, ya zo har Maradun ya roƙe ni ƙyauren rumbun albasata da tamfol ɗina sabo, wanda ko ruwan sama bai taɓa gani ba. Na ba shi, ni ma da tawa wautar. Tamfol ɗin ya zagaye ƙasan dandamali da shi, ya ce haka ake yi a Maraɗi. Janareto aka ɗora can kan tudun kanal, aka ja waya zuwa lasifika biyu manya na masu wa'azin kasuwa.

Da safiyar Talatar na gan shi a rumfar Nagode yana zufa, alhali ko rana ba ta ɗaga ba. Ashe sai a lokacin tsoro ya kama shi. Shekara uku yana rantsuwa kan kiɗan da bai taɓa gani ido da ido ba. In fa Manu ne mai gaskiya? Ya ari doguwar igiyar da ake jona waya da lasifika, ya dunƙule ta ya tura aljihu. Nagode ya tambaye shi ta mece ce.

"Harkar sauti ta, ba ka ganewa," in ji Surajo.

Bayan Azahar gona ta cika. 'Yan Bakura suka tsaya gefe guda bayan Manu, 'yan Mafara suka tsaya bayan Surajo, mu 'yan Maradun muka tsaya tsakiya, don mu kallo muka zo. Masu rake da masu ƙanƙara suka kafa kasuwarsu. Manu har kujerar rumfa ya sa aka ɗauko aka ajiye a gaban dandamali babu kowa a kai, kowa ya ga abin da ake takara a kansa.

Farar bas ta tsaya a bakin hanya. Wani dogo ya fito, baƙin gilashi a ido, sarƙa a wuya, gashi tsaye. Surajo ya ruga ya rungume shi har yana ɗaga shi sama.

"Jibrin, ɗan'uwana. Rabonmu tun Maraɗi."

Dogon ya ɓamɓare shi a hankali. "Malam, ni direba na. Ga Jibrin can."

Wani ɗan gajere ne mai hula da jamfa, riƙe da filas ɗin shayi, kamar malamin firamare da ya dawo daga taron bita. Ya miƙa wa Surajo hannu ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi gida da iyali da gajiya, gaisuwar wanda bai taɓa ganinka ba ko a mafarki.

Manu ya yi tari. "Ashe ɗan'uwan naka ya rage tsawo."

"Wasanmu na," in ji Surajo. "Kullum haka muka yi, in rungumi direba shi yi kamar bai san ni ba."

Tartsatsi suka hau dandamali, durom suka ɗan yi ƙara, suka jona kayansu. Jibrin ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta ce ƙwing. Ya murɗa wani ɗan ƙarfe a wuyan jita, ya sake taɓawa, ta ce ƙwang. Mai babbar jita ya yi gum, gum, ya tsaya. Mai ganga ya doki fata sau biyu, ya sunkuya yana ɗaure wani ƙarfe. Yanzu duk mun san saita kaya suke yi, kamar yadda mai kalangu yake jan tsirkiyarsa kafin ya fara. A lokacin babu wanda ya sani, har da wanda ya gan su sau uku.

"To jama'a, kun dai ji," in ji Manu da ƙarfi. "Ƙwing da ƙwang. Akuyata in ta taka waya ta hi haka."

'Yan Bakura suka kwashe da dariya. Wani ɗan Mafara ya ce ai sabon salo ne, sai mai zurfin kunne. Aka ce masa to ya taka rawar mu gani. Na waiwaya in ga fuskar Surajo, babu Surajo. Ƙafarsa kawai na hango tana shigewa ƙarƙashin tamfol ɗina.

Jibrin ya juya wa jama'a baya yana tsiyaya shayi a murfin filas. Mai ganga yana sunkuye. Mai babbar jita yana share gilashinsa da bakin riga. A daidai wannan lokaci lasifika biyu suka fashe da babbar waƙar Tartsatsi, jita na kuka, ganguna na zuba, murya na tashi, kuma babu hannun mutum ɗaya a kan kayan kiɗa.

Jibrin ya zubar da shayi a jamfarsa. Manu ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka ba kujerar Makka.

"Mi nic ce muku? Mutum na shan shayi jita na kuka."

Tartsatsi suka dubi juna. Da yake masu kunya ne, suka ga gara su bi waƙar su rufa wa kansu asiri, sai suka kama kayansu suka shiga. Sai dai waƙar ta riga su nisa, suna bin ta a baya, ganga biyu, jita biyu, Jibrin na rera baitin farko Jibrin na lasifika na rera na biyu. Gardama ta ɓarke a gona. Wannan ya ce na lasifika ya fi, wancan ya ce na hannu ya fi nauyi, wani dattijo mai rake ya ce shi dai duka biyun ciwon kai suke sa masa.

Ni ne na fara jin sanyi a tafin ƙafa. Na duba ƙasa, na ga silifa ɗina a cikin ruwa. Can kusurwar gona, ta bututun da ya ratso tudu, ruwa ne yake shigowa cikin natsuwa, ja, da ɗan kumfa a kai. Mai buɗe ƙofar ruwa ya yi aikinsa daidai, a ranar da aka yanka wa layin, a sa'ar da aka yanka. Taibatu ce mai gaskiya, an mayar da ranar Talata.

Ƙasar da tarakta ta baje ba ta jira. Kafin a ce mene ne wannan, ta zama kunu. Masu ƙanƙara suka ɗora kulolinsu a ka. Takalma suka fara maƙalewa, mutane na zare ƙafa suna barin su. Jama'a ta yi kan tudun da ke can ƙarshen gona gaba ɗaya, tudu ya ɓalle, ruwan Baba Sanusi ya fara tsiyaya gonar maƙwabci. Mai ganga ya ga wayar wuta kwance cikin ruwa, ya ce lantarki, sai Tartsatsi suka zare igiyoyinsu, kowa ya ɗora kayansa a ka, suka diro suka yi bakin kanal.

Dandamali ya zama babu kowa. Waƙa kuwa ba ta fasa ba, sai ma daɗi da ta ƙara tunda masu bin ta a baya sun tafi. Duk muka tsaya a kan tudu, ƙafa duk laka, muna kallon katakai da ƙyaure biyu suna rera waƙa. Sai jita ta ɗan lafa, murya ta faɗo, kowa ya san ta:

"Wagga waƙa daga wayar Surajo take, wanda yag ga Tartsatsi ido da ido."

Durom biyu na gaba suka nutse cikin laka. Dandamali ya karkata, ƙyauren rumbuna ya zame ya faɗa ruwa, tamfol ya yaye. Ga Surajo zaune dirshan cikin taɓo har ƙugu, gefen rigarsa a danne ƙarƙashin durom, ya ɗaga waya sama da igiyarta yana ta dangwala mata yatsa. Wayar da yatsa ake buɗe ta, yatsan kuma duk laka, ta ƙi sanin mai ita.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ni ban yi ba, ina kallon tamfol ɗina.

"Gwajin sauti nika yi," in ji Surajo daga cikin taɓo. "Haka aka yi Maraɗi."

"Malam," in ji Jibrin daga tudu, yana matse jamfa, "mu dai ba mu taɓa yin haka Maraɗi ba. Amma baitinka ya hi namu hita."

Ana cikin haka mutane suka dare. Baba Sanusi ne, ya dawo daga Dakko don ya tari ruwansa, fartanya a kafaɗa. Ya dubi durom shida a gonarsa. Ya dubi takalma kamar hamsin da suka tsiro a inda zai dasa shinkafa. Ya dubi tudun da ya ɓalle. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi tsoron hakan.

"Malam Surajo, sannu da aiki."

"Baba, sannu da hanya. Ya mutanen Dakko, ya ƙarin haƙuri?"

"Sun gode. Taso."

Ya miƙa masa fartanya, ya tasa shi gaba har ƙarshen gona inda tudu ya ɓalle. Ya ce ruwan nan na mako guda ne, in ya tsere sai wata Talatar, don haka ba ɗaga kai har sai an toshe. Ni ma ya waiwayo ya dube ni, ya dubi ƙyauren rumbuna yana yawo a ruwa, ya ce, "Isma'ila, har da kai." Kalma huɗu, amma har yau Hindatu tana maimaita mini su.

Jibrin kuwa mutumin kirki ne, kuma an taɓa masa sana'a. Ya ce ba za su bar Mafara ana cewa Tartsatsi ba su iya kiɗa ba. Aka janyo lasifika ɗaya zuwa gindin mangwaron da ke kan tudu, aka zare igiyar Surajo aka jefar, suka saita kayansu, wannan karon kowa ya yi haƙuri da ƙwing da ƙwang. Sannan suka fara.

Ni ba mai yawan yabo ba ne, amma yaran nan sun iya kiɗa. Ɗan gajeren nan mai kama da malamin firamare, da ya runtse ido ya kama wuyan jita, sai da na ji abin a haƙarƙarina. Suka ja waƙar da muka sani minti huɗu ta kai kusan ashirin, suna juya ta yadda ba ta taɓa juyuwa a waya ba. Dattijo mai rake ya manta da ciwon kai. Manu yana tsaye a gaba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, baki buɗe, har hawaye na gani a idonsa, ko da yake ya ce hayaƙin janareto ne.

Surajo yana can ƙarshen gona, ya ba mu baya, yana cusa laka a ɓaraka. Dab da kunnensa injin ban-ruwan maƙwabci yake ta ɓaɓatu yana mayar da ruwan da ya tsere. Duk sanda ya yi kamar zai waiwayo, Baba Sanusi sai ya nuna masa wani wuri da ke yoyo. Ko da ya toshe na ƙarshe ya miƙe, farar bas ta hau kwalta ta nufi Gusau.

Talatar da ta biyo baya na iso rumfa na tarar da Manu a kujera mai hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Aka ce ai a ƙa'ida Surajo ne ya ci, tunda sun kaɗa da hannunsu. Nagode ya ce kujerar tun asali ta wanda ya gani ce, kuma Manu ne ya fi kowa kusa da mangwaro. Babu wanda ya ja.

Surajo ya zo a makare, ya zauna a benci, daidai kan ƙusar. Ya roƙi Nagode a asirce ya goge masa muryar nan daga waƙoƙi. Nagode ya ce ya makara, tun daga Bakura har Maradun kowa waƙa mai muryar Surajo yake cewa a tura masa.

Manu yana ta bayani, yana kaɗa yatsu a iska. "Na waya shirme na. Wanda bai ga yaran ga ido da ido ba bai san kiɗi ba."

Surajo ya daure, ya daure, ya kasa. Ya gyara murya.

"Ni dai a nawa sani, na waya ya hi tsabta. Na ido hayaniya ta yi mai yawa."

Manu ya juyo a hankali, ya kwantar da hannu biyu a kan hannayen kujera.

"Surajo, kai ka gani?"